Wanda Ya Danna "Na Gani"

Litinin, 14 ga Yuli, ƙarfe 6:10 na yamma

Dekin ya tsage. Bari in rubuta shi haka a fili, tunda yau a ofis kowa kwana-kwana yake yi, wannan ya ce "ɗan lahani", wancan ya ce "abin da ya faru". Ranar Asabar aka cire gorar da ke tokare da dekin benen makarantar da muke ginawa a wani ƙauye gaba da Tungan Magajiya. Kafin la'asar tsaga ta fito daga bango zuwa bango, tsakiyar kuma ta lotsa. Ba wanda ya ji ciwo. An mayar da gorar an sake tokarewa.

Shugaban kwamitin makarantar ya kira ni da rana yana huci, wai ina BIM ɗin da aka cika musu baki da shi. Na maimaita masa abin da nake gaya wa kowa: ginin ne gaba ɗaya a cikin kwamfuta kafin a aza bulo ko ɗaya, kowane ginshiƙi, kowane rodi, kowane bututu. Mai zane yana Minna, injiniyan ƙarfe yana Kaduna, mu muna Kontagora, foman yana ƙauye da tablet ɗinsa, amma duk samfur ɗaya muke kallo. Wanda ya canza abu, sauran za su ga saƙo, kowa ya danna "Na gani" da sunansa. Ya ce to shi ginin bai ga saƙon ba ne? Na ce Alhaji, gini ba ya karatu. Ya kashe wayar a kunnena.

Ni Deborah ce mai kula da samfurin nan. Ni na kawo tsarin kamfanin, ni na koya wa kowa. Tun da safe idanu suke bin bayana kamar na shigo da kaya a kai. Su kalla. Ban ɗaure rodi ba, ban zuba kankare ba.

Talata, 15 ga Yuli, ƙarfe 1:30 na rana

An fasa gefen dekin an auna. Tazarar rodi inci takwas ce, samfur kuma ya ce biyar.

Injiniya Abdulmalik, mai lissafin ƙarfe, ya shigo taro ta bidiyo daga Kaduna, fuskarsa tana tsayawa tana tafiya saboda sabis. Ya bi da mu daki-daki. A watan Yuni kwamiti ya ce a bar bangon da zai raba azuzuwa biyu na ƙasa, suna son zauren taro. Bangon da zai taimaka wa dekin ya tafi, don haka ranar Alhamis 19 ga Yuni ya ƙara kaurin rodi ya matse tazara, ya tura saƙo ga kowa. Maganar bango ta isa ƙauye, domin shugaban kwamiti da ƙafarsa ya je ya faɗa. Maganar rodi ce ba a yi aiki da ita ba. Ranar Asabar 21 aka zuba kankare a kan tsohon awo.

Oga Salahuddeen, mai kamfanin, ya ce in buɗe shafin da ke nuna wanda ya ga saƙo. Na buɗe. Ga shi nan ɓaro-ɓaro: Na'Allah, foman, ya danna "Na gani", Alhamis, ƙarfe huɗu da minti hamsin da biyu. Oga ya buga tebur ya ce, "Shi ke nan, magana ta ƙare."

Ba wanda ya tambaye ni komai. Ni kuwa ba na amsa tambayar da ba a yi mini ba.

Laraba, 16 ga Yuli, ƙarfe 7:00 na safe

Ban ɗaure rodi ba. Mai magana ya zo ya same ni.

Alhamis, 17 ga Yuli, ƙarfe 5:40 na yamma

Baba Na'Allah ya zo ofis yau daga Rijau, a bayan motar masara, da rigarsa ta zuwa biki. Shekara talatin da wani abu yana gini a ƙasar nan. Shi ya koya mini gane yashi mai kyau da tafin hannu a shekarata ta farko, lokacin da sauran magina ke ce mini "'yar kwamfuta". Tablet ɗin kuwa "allon Deborah" yake ce masa, kuma sau biyu ana tsintarsa a cikin buhun siminti.

Ya shigo da karan dawa a hannu, guntu. Duk wanda ya taɓa aiki da shi ya san karan nan. Masu ɗaure rodinsa ba sa karanta zane, ba sa riƙe tef. Shi yake duba awo ya yanka kara daidai tazarar, su yi ta aza shi tsakanin rodi da rodi har su gama. In awo ya canza, sai ya tara su ya karya tsohon a gabansu ya yanka sabo, don kada wani ya ce bai sani ba.

Ya aza karan a teburin Oga ya ce, "Oga, duba da kyau. Ka ga alamar karaya? Da saƙo ya zo mini, da wannan yana cikin murhu tuni."

Oga ya ce, "Baba, kwamfuta ta nuna ka gani."

"Allon ba ya hannuna ranar. Na aiko shi caji da safe, bai koma ba sai Litinin."

"Baba, ka taɓa manta shi a buhun siminti. Yaya zan yarda da ranakun da kake faɗa?"

Baba ya ɗauki karansa. Oga ya ce ya zauna a gida har kwamiti ya yanke hukunci, kuma kada ya taka wurin aikin. Da zai fita ya tsaya a ƙofata ya ce, "'Yata, ya aiki? Ya 'yarki Hannah?" Na ce lafiya lau Baba, idona a kan kwamfuta. Ina da aiki da yawa, shi ya sa.

Asabar, 19 ga Yuli, ƙarfe 4:15 na yamma

Na ƙona shinkafa. Mijina Japhet ya leƙo kicin ya ce, "Maman Hannah, wannan ta cin mutane ce ko ta zuba dekin?" Na ce in ya iya ya zo ya dafa. Ya ɗaga hannu sama ya koma ga makin jarrabawar ɗalibansa. Shekara bakwai da aure, ya san lokacin da ake tsokanata da lokacin da ake ba ni hanya.

Abin da ke ƙona mini rai shi ne murnar da wasu ke yi. Tun ranar da na kawo tsarin nan akwai masu jiran ya faɗi. Wani ɗan kwangila ya taɓa ce mini a gaban jama'a wai kakanninsa sun gina ganuwa ba su da kwamfuta. Yanzu na ji yana yawo a gari yana cewa ai ya faɗa. Ya manta asibitin da aka gina masa aka fasa bango sau uku saboda bututun ruwa ya ci karo da ginshiƙi. A aikinmu samfur ya kama irin wannan karo goma sha ɗaya tun kafin a haƙa tushe. Goma sha ɗaya! Wa ya zo ya ce sannu?

Tsarin bai yi laifi ba. Wannan kam zan tsaya a kansa ko a gaban wa.

Lahadi, 20 ga Yuli, ƙarfe 12:30 na rana

Na je coci, na fito kafin a gama. Zafi ya yi yawa a ciki.

Litinin, 21 ga Yuli, ƙarfe 3:00 na yamma

Oga ya kira ni ofishinsa ya rufe ƙofa. Yana son rahoto ga kwamiti kafin Litinin mai zuwa: abin da aka canza, ranar da aka canza, da hoton shafin nan mai sunan Baba. Ni zan sa hannu a matsayin mai kula da samfur.

Ban san abin da ya buɗe bakina ba. Na ce, "Oga, ranar Alhamis ɗin nan, kana Minna, tablet ɗin..."

Ya ɗaga hannu. Sannan ya ce a hankali, "Deborah, kada ki gaya mini abin da ban tambaye ki ba. Akwai aikin azuzuwa a wurare huɗu da muke nema, duka sun sa sharaɗin BIM, kuma a garin nan ke kaɗai ce kika iya. Baba ya tsufa, yana da gona. Za mu sallame shi cikin mutunci."

Direban da ke kai tablet ɗin yana kawowa yana nan a tasha kullum. Oga bai aika an kira shi ba, kuma na gane ba zai aika ba.

Na ce to. Na fito na zauna na rubuta kan rahoton, na sa kwanan wata, na yi ta gyara girman haruffa har aka tashi.

Talata, 22 ga Yuli, ƙarfe 6:30 na safe

To, bari in rubuta ranar Alhamis ɗin, tunda littafin nawa ne kuma ba ya da baki.

A ƙauyen babu wuta, babu sabis. Kowace Alhamis da safe Baba yana ba direba tablet ɗin ya kawo ofis, in yi masa caji, ya ɗauko sabbin canje-canje, direba ya koma da shi da yamma. Ranar nan direba ya ce ba zai koma ba, an ce hanya ba lafiya, motoci sun juyo. Ba sai na rubuta dalili ba, kowa a nan ya sani. Tablet ya kwana a teburina.

Saƙon Abdulmalik ya shigo wajen ƙarfe huɗu. Rahoton mako yana tafiya ga kwamiti ƙarfe biyar, kuma in akwai wanda bai danna "Na gani" ba, sunan kamfaninmu yana fitowa da jan layi. Mako ashirin da biyu ba mu taɓa fitowa da ja ba, ni kuwa ina ji da wannan kamar me. Kowa ya danna, saura Baba. Lambar sirrinsa ni na sa masa ita da hannuna. Na ɗauki tablet ɗin na danna. Na ce a raina zan kira shi in faɗa masa da baki.

Na kira sau biyu, ba ta shiga ba. Juma'a Hannah ta tashi da zazzaɓi, muka yini a asibiti. Asabar ruwa ya ɗauke, siminti yana ƙasa, Baba ya ga sarari ya zuba kankarensa kwana uku kafin ranar da aka tsara. Da tablet ya koma Litinin, ba wani saƙo mai jiransa, domin an riga an gani.

Ga shi na rubuta. Amma ni ma ina da tambaya. Wa ya ce ya zuba kafin rana? Wa ya cire bango bai tambayi rodi ba? Wa ya ƙirƙiro jan layin da ke sa mutum ya ji kamar an kama shi da sata? Ba ni kaɗai ba ce, kuma ba zan yarda a mayar da ni ni kaɗai ba.

Laraba, 23 ga Yuli, ƙarfe 1:00 na rana

Rahoton yana nan. Layi uku.

Alhamis, 24 ga Yuli, ƙarfe 5:20 na yamma

Na fita sayen manja a kasuwa sai na ji an kama mini gefen zane. Mama Fure ce, matar Baba. Ta zo sayar da gyaɗa. Na so in ce ina sauri, amma ta riga ta gyara mini wuri a kan benci.

Ba ta yi kuka ba, da ma ba irinta ba ce. Tana ɓare gyaɗa tana faɗa mini kamar labarin wasu. A ƙauye ba maganar saƙo ake yi ba, ba wanda ya gane wannan. Cewa ake yi Baba ya rage rodi ya sayar. Mutanen da suka ba shi ginin ɗakin taro a Rijau sun aiko a dakata. Masu ɗaure rodinsa uku sun koma wajen wani. Ranar Juma'a ya shiga jama'a, wani ya ce a bayansa, "A riƙe ƙarafa, ga mai su nan ya iso," aka yi dariya.

Ta ce, "Mutumin da ko ƙusa ya tsinta a aljihu sai ya mayar washegari. Yanzu da asuba yake tafiya gona, sai duhu ya fara yake dawowa, don kada ya haɗu da kowa. 'Yata, ke kin san abin nan na kwamfuta. Ba ya kuskure ne?"

Na ce, "Mama, abin da aka sa masa shi yake nunawa."

Ta ce, "To, Allah ya sani." Ta ƙulle mini gyaɗa a leda ta ce ta Hannah ce. Na ce a'a, ta tura mini ita cikin jaka da ƙarfi.

Na dawo gida ban sayi manjan ba.

Juma'a, 25 ga Yuli, ƙarfe 6:45 na yamma

Na gaya wa Japhet. Yana wanke babur ɗinsa a tsakar gida, na tsaya a kansa na zuba masa duka a tsaye. Ya ajiye tsumman ya zauna a kan bokiti.

Ya ce, "Wa ya sani?"

Na ce ni, da Oga da ba ya son sani.

Ya ce, "Maman Hannah, in kika faɗa, aikin ya tafi. Ba wannan kamfanin kaɗai ba. Wa zai sake ba ki lambar sirrinsa?"

Nan na hau shi. Na ce ashe haka yake, malamin makaranta guda mai koya wa 'ya'yan mutane gaskiya. Na ce ai shi ba a kira shi ɓarawo a gaban jama'a ba. Na faɗi maganganu da yawa. Ya bar ni na gama tas, sannan ya ce, "Ni tambaya na yi. Ke kika kwana goma kina ba kanki wannan amsar, ba ni ba."

Na shige ɗaki na bugo ƙofa. Haushinsa nake ji har yanzu, domin ya yi gaskiya kuma bai ko ɗaga murya ba.

Lahadi, 27 ga Yuli, ƙarfe 2:00 na rana

Tsoro nake ji. Shekara shida na yi ina gina sunan nan, bulo ɗaya bulo ɗaya, a cikin mazan da ba su so ba. Ina son aikina. Ina son sa ƙwarai.

Litinin, 28 ga Yuli, ƙarfe 11:50 na safe

Na yi.

A samfur akwai wurin da ake maƙala bayani a jikin kowane sashe na gini, kuma abin da aka maƙala ba ya gogewa, ko ni ba zan iya ba. Ni na tsara shi haka, ina alfahari a lokacin. Ƙarfe tara na buɗe dekin na rubuta:

"Ranar 19 ga Yuni tablet ɗin foman yana ofis a hannuna. Ni, Deborah, na danna 'Na gani' da sunan Na'Allah don rahoton mako ya fita ba ja. Saƙon canjin rodi bai taɓa isa gare shi ba."

Mutum goma sha huɗu ke kan aikin nan. Na zauna ina kallon sunayensu suna danna "Na gani" ɗaya bayan ɗaya. Mai zane na Minna ne ya fara, sai Abdulmalik, sai sakataren kwamiti.

Oga ya shigo ko sallama babu. Ya ce, "Kin san abin da kika yi? Kin kashe kanki, kin kashe ni!" Na ce, "Oga, ka ce kada in gaya maka, ban gaya maka ba. Samfur na gaya wa." Ya ce in ba shi makullin ofis. Na ciro na aza masa a tebur, na ɗauki kofina da cajata. Kafin in kai bakin titi an rufe mini shiga samfurin.

Da kaina a sama na fito, kuma duk wanda ya leƙo ta taga ya gani.

Talata, 29 ga Yuli, ƙarfe 9:00 na safe

Na share gida har bayan firij. Na ci tuwo malmala biyu.

Alhamis, 31 ga Yuli, ƙarfe 4:30 na yamma

Abdulmalik ya kira. Ya ce abin da na yi na farko wauta ce, na biyun kuma ba kowa zai iya ba, kuma ba zai yi mini ƙarya ba, na farkon ne zai bi ni. Ya ce za a fasa dekin duka ranar Litinin a sake. Kwamiti ya rubuta a samfur cewa an janye dakatarwar Baba.

To, magana ta ƙare ke nan. Na wanke shi a gaban mutum goma sha huɗu, na biya da aikina. Kwana uku ina ajiye waya kusa da ni. Ban ce sai ya gode mini ba, amma ko gaisuwa ai a aiko. Japhet ya ce, "Ki je mana." Na ce ni ce kuma zan bi shi? Me ya rage ban yi ba?

Asabar, 2 ga Agusta, ƙarfe 6:20 na yamma

Na je. Motar farko na shiga zuwa Rijau, daga nan ɗan acaɓa ya kai ni har bakin gonar. Na same shi yana cire ciyawa a cikin dawa, shi kaɗai. Na durƙusa na gaishe shi. Ya amsa, ya tambayi Hannah, ya tambayi maigidana, ya tambayi hanya, bai bar ko ɗaya ba. Sannan ya ci gaba da aikinsa.

Na ce, "Baba, ka ji abin da na rubuta?"

Ya ce, "A ina?"

"A samfur. Kowa ya gani."

Ya miƙe ya dafa ƙugu. "Kowa wa? Allon yana ofishinku tun ranar da aka kore ni. Sakatare ya aiko wai in koma aiki Litinin, bai ce don me ba. A ƙauye cewa ake yi an tausaya wa tsoho."

Na gaya masa duka da bakina, a tsaye a cikin kunya, ƙafata cikin laka.

Ya ce, "Na sani. Tun ranar da Oga ya faɗi ranar da lokacin na sani. Allo yana teburinki, wa zai taɓa shi in ba ke ba?"

"Me ya sa ba ka faɗa ba, Baba?"

"In kira sunanki a gaban Oganki? Na tsaya a ƙofarki don ki ɗago kai. Ba ki ɗago ba." Ya share gumi da hularsa. "Ni ma ina da nawa. An ce in bar bango, ban tsaya na tambayi rodi ba, shekara talatin ina wannan aiki. Wannan zan faɗa da bakina. Amma sata ban yi ba. Ke kuma kin sake yin irin ta farko, 'yata. Kin sa magana a allo kin koma gida kin kwanta, kin ɗauka ta iso. Waɗanda suka kira ni ɓarawo ba su cikin mutum goma sha huɗunki."

Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Na ce me yake so in yi.

Ya ce, "Litinin za a taru wajen fasa dekin. Mai gari zai zo, da iyayen yara, da yarana. In kina da magana, nan ne wurinta. In ba ki zo ba, ba zan aiko ba."

A mota na yi ta ce wa kaina na riga na biya, ba wanda ya isa ya sa ni in biya sau biyu. Har muka iso Kontagora ina faɗa, ban yarda da kaina ba ko sau ɗaya.

Litinin, 4 ga Agusta, ƙarfe 5:50 na yamma

Sun fi mutum ɗari. Mai gari a kan kujera, 'yan kwamiti a bayansa, mata a gindin ɗorawa, magina da gudumominsu a jingine da bango. Oga Salahuddeen ma ya zo, da ya gan ni ya juya yana duba waya. Mama Fure tana cikin matan.

Baba ne ya fara. Ya tsaya ya ce ya cire bango bai tambaya ba, wannan nasa ne, a yafe masa. Sannan ya ce akwai mai magana.

Na hau kan tulin bulo don a gan ni. Na gaida mai gari, na gaida iyaye. Na ce saƙo ya zo cewa a ƙara rodi, allon yana hannuna a Kontagora, na amsa da sunan Baba cewa ya gani alhali bai gani ba. Na ce bai rage rodi ko ɗaya ba, abin da aka ba shi shi ya sa. Na ce na san haka tun ranar farko, na yi shiru mako biyu ana zaginsa.

Wata mata ta ce, "Kai, 'yar nan!" Baba ba ni yake kallo ba. Mazan yake bi da ido ɗaya bayan ɗaya, duk wanda idon ya sauka a kansa sai ya sunkuyar da kai.

Na fara saukowa, ƙafata ɗaya a ƙasa, sai wani tsoho daga can baya ya ɗaga sandarsa ya ce su fa ba su ji ba, iska ta kwashe maganar.

Baba ya juyo gare ni a karo na farko. Ya ce, "Na baya ba su ji ba, 'yata."

Na koma kan bulon. Na sake faɗa tun daga farko, da ƙarfi, har da sunana.